Ranar da Alƙali Ya Zagaya da Gwaggo Ba-Ragi

Duk wanda ya taɓa sayen malafa a bakin tsohuwar ƙofar garin nan ya san Gwaggo Ba-Ragi. Ita ce wadda in ka taya kayanta ta ce albarka, in ka ƙara ta ce albarka, in kuma ka biya daidai abin da ta yanka da bakinta, ta bi ka da harara kamar ka cuce ta. An ce ko gaisuwa ka yi mata sai ta duba ta ga akwai riba kafin ta amsa. Sharri ake mata. Tana amsawa, sai dai a taƙaice.

Garin tsoho ne, ya tsufa har ya gaji da tsufa. Akwai rijiyar da aka ce kakannin kakanni suka haƙa, akwai wata hasumiya, akwai kuma wata ɓaraka a jikin ganuwa inda aka ce mayaƙa sun taɓa kutsowa. Duk suna bayan gari, cikin gonaki. Mutanen birni, da yake aiki bai yi musu yawa ba, sukan cika mota su zo su zagaya wuraren nan da ƙafa. Ɗan yawo ne da ba ya kai mutum ga yunwa. Su dawo suna haki suna cewa sun ga tarihi.

Mijin Gwaggo ne jagoransu, Allah ya jiƙansa. Mai gari ya damƙa masa wata sanda mai kan tagulla, kuma duk mai riƙe da sandar nan shi ke da rumfar bakin ƙofa, inda baƙi ke sauka. A rumfar nan Gwaggo ta kasa malafunta da mafitanta tun tana amarya, inuwa mai sanyi, ga iska, ga baƙon da bai san farashi ba. Marigayi kuwa yakan hau tsohon jakinsa, wanda ya laƙaba wa suna Alƙali saboda in ya yanke hukuncin tsayawa ba a ɗaukaka ƙara. Yau da gobe, har ta kai marigayi na gyangyaɗi a bisa, jakin ne ke tsayawa a kowane wuri, shi kuma ya farka ya yi bayani.

Bayanin nan Gwaggo ta haddace shi tsaf, domin marigayi mutum ne da ba ya iya haɗiye loma sai yana maimaita shi. Na rijiya, na hasumiya, na ɓaraka, a jere. Abu ɗaya ne kawai ya rage: ba ta taɓa taka bayan gari ba. Daga wani gari aka auro ta, ta ƙofar gaba ta shigo, a ƙofar gaba ta zauna. "Ƙafar da ta bar rumfa ta bar ciniki," in ji ta. Amma wannan bai hana ta gaya wa duk mai kunne cewa ita ta koya wa marigayi aikin ba.

Da aka kwana biyu da rasuwa, sai ƙanin marigayi, wanzami ne mai bakin da ya fi askarsa kaifi, ya kai magana gaban mai gari. Aka kira Gwaggo.

"Ranka ya daɗe," in ji Wanzami, "sandar Yaya tana jingine gizo-gizo na saƙa a kanta, baƙi na zuwa suna komawa. Ni kuwa na bi shi hanyar nan tun ina yaro."

"Ka bi shi kana riƙe masa takalmi," in ji Gwaggo.

"Matar Yaya, ke ko inuwar hasumiyar kin taɓa gani?"

"Ni? Ni kake tambaya? Hanyar nan a ɗaure mini ido, a juya ni kamar dutsen niƙa, in bi ta da baya da baya ina gyangyaɗi. Yayanka da na same shi ko gabas bai sani ba. Ni na zaunar da shi na ce ga rijiya, ga hasumiya."

Mai gari ya shafa gemu. "To, gani ya kori ji. Jibi akwai baƙi. Ki zagaya da su, ki dawo da su bakin ƙofa ransu fari, sanda da rumfa naki ne. In aka samu akasi, na ƙanin mijinki ne."

"Na sallama," in ji Gwaggo.

Fadawa suka dubi juna. Tunda aka kawo ta garin ba a taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakinta a tayin farko ba.

Ba wai ta haukace ba ne. Dabara gare ta. Bayani yana kanta, hanya tana kan Alƙali. Ta riƙe igiya sako-sako kamar ita ke jansa, inda ya tsaya ta ɗaga sanda ta zuba magana. Wa zai gane?

Matsalar ita ce ta riga ta sayar da Alƙali. Tun makonnin farko ta tallata shi ga Mai Ruwa, wani saurayi mai sanyin hali da ke kai wa mutanen bayan gari ruwa. Ranar cinikin har ya so ya noƙe.

"Gwaggo, jakin da ya tsufa a kan hanya ɗaya, anya zai koyi wata?"

"Kai yaro ne," ta ce masa tana dafa ƙirji. "Jakin nan kansa kamar allon makaranta yake, ka goge ka sake rubutu. Mako guda ya manta da marigayi da hanyarsa."

Ta koma gida ranar tana dariya har da riƙe ciki, ta sayar da tsoho mai taurin kai a farashin matashi. Jakin da ko ƙofar gida aka sauya masa sai ya kwana a waje, shi ne zai manta hanya?

Saboda haka da yamma ta yafa mayafi ta nufi gidan Mai Ruwa neman aro.

"Na yini ɗaya ne. Malafa guda zan ba ka."

"Ba komai Gwaggo, amma akwai magana. Jakin nan yanzu…"

"Yanzu ya yi tsada, ko? Na san waƙar nan, ni na rera ta tun ba a haife ka ba."

"Ba haka ba ne. Shi in safiya ta yi…"

"Malafa da mafici. Kuma in ka ƙara buɗe baki a gabana na janye maficin."

Mai Ruwa ya rufe bakinsa. Mutum ne mai son mafici.

Ranar ta zo. Gwaggo ta ci ado, ta sa sabon takalmin da ta ƙwato a hannun baduku da rabin kuɗinsa saboda ya ɗan yi mata kaɗan. "Ƙafa ta saba," ta ce masa. Mota ta sauke baƙi kamar goma. A cikinsu akwai wani malamin makaranta mai tabarau, da matarsa wadda ba ta sauke waya daga fuskarta don ɗaukar hoto, da wani ƙato mai tumbi wanda tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba yake tambayar yaushe za a dawo.

Kafin a ɗaga ƙafa sai da kowa ya sayi malafa. "Ranar bayan gari ba irin taku ta birni ba ce, 'ya'yana. Kuma da hannuna na saƙa su, dubi yatsuna." Alƙali, wanda ke ɗaure a jikin rumfa, ya miƙa wuya ya ja guda daga cikin tarin ya fara tauna. Da wata rana ce, da sai ya ji a jikinsa. Yau kuwa Gwaggo ta shafa masa wuya ta raɗa masa a kunne: "Ci abinka. Ka dai fitar da ni kunya."

Sai ga Wanzami da jakarsa a rataye.

"Ina zuwa?" in ji Gwaggo.

"Mai gari ya ce in zama shaida, matar Yaya. Ba zan ce uffan ba."

"Da ka iya hakan da an daɗe da hutawa."

A wajen ƙofa hanya ta rabu biyu. Alƙali ko waiwaye bai yi ba, ya karya hagu. Gwaggo ta ɗan waiga, don kamar ta tuna ƙeyar marigayi dama take yi kullum. Amma ta ce a ranta, wa ya fi jaki sanin yanke?

Wanzami ya yi tari. "Hagu, matar Yaya?"

"Ta manya ce wannan. Kai ta yara aka nuna maka."

Aka miƙa cikin gonaki, ganuwa tana ƙara nisa a bayansu. Ba a jima ba Alƙali ya ja ya tsaya cak a bakin wani rami mai faɗi, da ɗan koren ruwa a ƙasansa, ga tubala jere a gefe suna shan rana. Gwaggo ta gyara mayafi, ta ɗaga sanda, ta saki murya irin ta marigayi.

"Ku matso, 'ya'yana! Wannan ita ce rijiyar da kakanni suka haƙa da farcensu lokacin da abokan gaba suka kewaye gari. Ba mahaluƙin da ya taɓa ganin ƙarshenta. An jefa dutse a ciki tun zamanin kakan mai gari, har yau ana sauraron ƙararsa."

Baƙi suka leƙa cikin ladabi. Daidai lokacin wata kaza ta gangaro, ta ratsa rijiyar da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, ruwa ko gwiwarta bai kai ba.

Mai Tabarau ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Gwaggo, kamar kaza nake gani tana tafiya a ciki."

"Rani ne, ɗana. Da rani ƙarshenta kan taso sama."

Matarsa ta ɗauki hoton kazar.

Sai wani mutum ya fito daga bayan tubala, laka har gwiwar hannu, riƙe da jarkoki biyu wayam.

"Yau an makara! Laka duk ta bushe mana." Ya tsaya ya ƙura ido. "A'a! Gwaggo Ba-Ragi? Ke kika karɓi harkar ruwan? Mun shiga uku, yau ko alwala sai an taya."

"Mai gadin rijiya ne," Gwaggo ta gaya wa baƙi ƙasa-ƙasa. "Rana ta ɗan taɓa shi, ku yi masa uzuri." Ta ja igiya. Alƙali ya kafe. Ta sake ja. Ko kunne bai kaɗa ba. Sai da mai tubali ya rataya masa jarkokin nan, ɗaya dama ɗaya hagu, sannan ya ɗaga ƙafa da kansa.

"Jarkokin fa na mene ne?" in ji Mai Tumbi.

"Tukwici ne. Haka ake karrama jagora a nan."

"Yaya dai bai taɓa samun irin wannan karramawa ba," in ji Wanzami.

"Yayanka bai iya ciniki ba."

Takalmi ya fara gaya mata gaskiya. Ɗan yatsanta na ƙarshe yana kuka, diddige yana amsa masa. Ta cije. Wani abu kuma yana mata ƙaiƙayi a rai game da jarkokin nan, amma ta ture shi gefe. Mai tafiya ba ya tsayawa sosa.

Tsayawa ta biyu, Allah ya taimake ta, a gindin wani dogon gini ne na ƙasa, siriri, jikinsa duk ƙananan ramuka. Zuciyarta ta yi sanyi. Ashe dai jakin ya san abin da yake yi.

"Hasumiya ke nan! Daga ƙololuwarta masu gadi ke hango ƙurar abokan gaba tun suna tafiyar yini. Ramukan nan da kuke gani, ta nan ake sakin kibau kamar ruwan sama." Don ta ƙara wa magana armashi, ta ɗaga sanda ta buga wa ginin.

Kibau suka fito. Fuka-fukai gare su. Tantabaru sun fi a ƙirga, suka tashi fir a lokaci guda, suka zagaya bisa kan baƙi, kuma da yake a firgice suke, suka sauke abin da suka sauke. Mai Tabarau ya samu rabo mafi tsoka.

"Ka ga amfanin malafa?" in ji Gwaggo. "Da ka tsaya neman ragi da yanzu a kanka yake."

"Wane mara mutuncin ne ke dukan ɗakin tantabaruna?"

Wata tsohuwa ce ta fito daga bayan dangan kara, da jarka a kowane hannu. Gwaggo ta so ƙasa ta tsage. Masaƙiyar malafu ce, wadda ke kawo mata kaya bakin ƙofa duk mako, ta koma tana share ƙwalla saboda yadda ake murɗe ta. Shekara nawa suna hulɗa, Gwaggo ba ta taɓa tambayar inda take kwana ba.

"Inna, an ce hasumiyar tarihi ce," in ji matar Mai Tabarau.

"Tarihin wa? Ɗana ya gina mini bara. Ga ma tafin hannun jikana nan a jiki, tun laka na ɗanya."

"Kwaskwarima aka yi mata," in ji Gwaggo da sauri. "Mu je, rana na yi."

Amma idon tsohuwa ya riga ya sauka a kan baƙi. "Kai, wannan ai saƙata ce. Da wannan. Duk nawa ne! 'Yata, nawa ta sayar muku?"

Matar ta sunkuya ta raɗa mata. Tsohuwa ta saki jarkoki, ta dafe kai da hannu biyu, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ta ce da hannunta ta saƙa," in ji Mai Tumbi.

"Da bakinta dai! Matar nan ko igiyar guga ba ta iya tufkawa ba!"

Wanzami, wanda ya yi alkawarin ba zai ce uffan ba, ya cika alkawari. Jarkokin kawai ya ɗauka ya rataya wa Alƙali, kafaɗunsa na rawa.

Daga nan ƙafa ta ce ba da ita ba. Gwaggo ta sanar da baƙi cewa sauran hanyar a bisa ake yin ta, haka ƙa'ida take. Mai Tumbi da Wanzami suka cicciɓa ta suka ɗora tsakanin jarkoki huɗu. Ta zauna ƙiƙam, sanda a hannu, kamar wadda za ta ci gari da yaƙi. Saura ɓaraka kawai, in ji zuciyarta. In aka ga ɓaraka, a dawo bakin ƙofa, sauran magana ta san yadda za ta yi cinikinta.

Kuma ga ɓaraka ta samu. Wani shinge ne na ƙaya mai tsawo, da wata 'yar kafa a tsakiya daidai faɗin jaki. Alƙali ya sa kai.

"Ta nan mayaƙa suka kutso!" Gwaggo ta ɗaga murya tana waiwayen baƙi. "Ganuwar ce ta tsufa ta koma ƙaya. Ku biyo ni, ku taka inda suka taka!"

Suka taka. Abin da suka taka kuwa lambu ne, tumatir ya nuna jawur, albasa ta yi kai. Alƙali ya bi 'yar siririyar kunyar lambun a tsanake kamar yadda ya saba. Mutum goma masu takalman birni suka bazu ko'ina suna neman inda hoto zai fi kyau.

"Kai! Kai! Kai! Ɓarayi ne ko mahaukata?"

Mai lambu ne ya taso daga ƙarƙashin bishiya da fartanya a sama, karensa na gaba.

"Matar Yaya," Wanzami ya yi kira yana tattare riga, "ga mayaƙan nan sun fito! A ci gaba da bayani ko a gudu?"

Ba wanda ya jira amsa. Mai Tumbi, mutumin da tun safe yake jan ƙafa, shi ya fara tsallake shingen can gefe, ko taɓa shi bai yi ba. Malafu suka tashi sama. Alƙali da ya ji haushin kare a ɗuwawunsa ya tuna ƙuruciya, ya zuba a guje, jarkoki huɗu na dukan haƙarƙarinsa, gam-gam-gam, kamar ana kiɗan tashin gari. Gwaggo ta rungume wuyansa tana kiran sunan duk wanda ta sani, har da baduku.

Gangara ce daga lambu zuwa rafi. Alƙali bai tsaya a baki ba. Ya shiga, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ciki, sai da ya isa tsakiya inda ruwa ya fi tsabta, sannan ya tsaya. Irin tsayawar da ba a ɗaukaka ƙara.

Gwaggo ta ɗago kai a hankali. Gaɓar rafi cike take maƙil. Mata masu wanki, masu dawowa daga gona, baduku, mahauci, har mai gari an shimfiɗa masa tabarma a inuwa. A gaba-gaba ga Mai Ruwa zaune kan dutse, sabuwar malafa a ka, yana fifita da mafici. An hana shi buɗe baki a gaban Gwaggo. Ba a hana shi a gaban gari ba.

Baƙi suka iso ɗaya bayan ɗaya, ƙaya a riga, tumatir a takalmi. Matar Mai Tabarau, wadda duk gudun nan ba ta saki waya ba, ta ɗaga ta za ta ɗauki Gwaggo, sai ta tsaya. Can nesa, a ɗaya gefen gari, wani dogon gini na dutse ya tsaya shi kaɗai a sararin sama, ya yi baƙi don tsufa.

"Gwaggo, waccan doguwar fa?"

Gwaggo ta juya. Karo na farko ke nan da ta ga hasumiyar da idonta. Kai, ashe abar tana da kyau.

"Sabuwa ce. Kwaikwayon tamu aka yi."

Dariyar da ta tashi sai da tsuntsaye suka bar bishiya. Wata mai wanki ta faɗa cikin bahonta. Mai gari ya rufe fuska da hannun riga, amma gemunsa ya tona shi.

Gwaggo ta dunguri jaki da diddige. Ta ja kunne. Ta yi lallashi, ta yi zagi. Ta ɗaga sanda za ta sauke masa, sanda ta suɓuce ta faɗa ruwa. Kowa ya bi ta da kallo tana lilo a kan ruwa, a hankali, har ta je ta tokare a gaɓa daidai ƙafar Wanzami. Ya sunkuya ya ɗauka, ya goge kan tagullar da gefen rigarsa.

"Ranka ya daɗe, ka dai gani. Ban ce uffan ba. Da ƙafarta ta zo."

"Kai Mai Ruwa!" Gwaggo ta ƙwala kira. "Me ka yi wa jakin mijina?"

"Ni? Ba abin da na yi masa, Gwaggo. Da safe mu bi gida-gida mu karɓi jarkoki, mu zo nan mu cika, mu koma mu raba. Ai ke kika ce mako guda zai manta tsohuwar hanya. Ko mako bai cika ba. Ni dai ban taɓa ganin mai gaskiya a ciniki irinki ba, kullum sai na faɗa wa mutane."

Duk abin da ya same ta ranar, ba wanda ya yi mata ciwo kamar wannan. Sau ɗaya tak ta faɗi gaskiya a ciniki, ita ma ba da saninta ba, ga shi ana yayata ta a bainar jama'a.

"To zo ka fitar da shi."

"Ba ya fita sai ya ji nauyin jarkoki a cike."

"To shigo ka cika. Malafa guda."

Mai Ruwa ya kaɗa mafici. "Albarka."

"Malafa da mafici."

"Albarka, Gwaggo."

"Ni kake ce wa albarka? Ni?"

"A wurinki na koya."

Nan fa aka ga abin da ake kira hali. Ruwa na gudu a ƙarƙashinta, ba ta iya iyo ba, gari guda na kallo, amma a ce ta ƙara tayi na uku? Gara a mutu. Ta naɗe hannun riga, ta kwanta a wuyan jaki, ta danna jarka ta farko cikin ruwa. Bul-bul-bul. Jama'a na ƙirga mata da tafi. A ta uku takalmin hagu ya zame ya bi ruwa, ta bi shi da ido, ta ga dai ba asara ba ce, sai ta tura masa ɗan'uwansa.

"Ƙafa ta saba, Gwaggo?" baduku ya yi kira daga gaɓa.

Da ta huɗu ta cika, Alƙali ya yi ajiyar zuciya ya juya. Sai dai bai nufi wajen jama'a ba. Aiki bai ƙare ba. Jarkoki cike sun matse ƙafafun Gwaggo dama da hagu, ba halin sauka. Haka ya hau gangara da ita, ta lambu, inda mai lambu ya raka su da baƙaƙen maganganu har kafar shinge. Ya kai ta ɗakin tantabaru, inda tsohuwa ta sauke jarkokinta ta kuma sanar da ita sabon farashin malafa. Ya kai ta rijiyar da ba ta da ƙarshe, inda mai tubali ya ce ruwan bai cika baki ba, a yi masa ragi.

Ko a wannan hali, da zani jiƙe da ƙafa ba takalmi, sai da ta ce masa albarka.

Kafin Alƙali ya dawo da ita bakin ƙofa, Wanzami ya riga ya zagaya da baƙi ta hannun dama, sun ga rijiya, sun ga hasumiya, sun ga ɓaraka, sun dawo suna shan ruwa a inuwa. A inuwarta. Mai gari bai yi dogon jawabi ba. Ya nuna Wanzami, ya nuna rumfa.

Gwaggo ta yi ciniki, don ba ta san wani abu ba sai shi. Ta nemi rabin rumfa, aka ce albarka. Ta nemi kusurwa, aka ce albarka. Daga ƙarshe Wanzami, don darajar Yaya, ya sallama mata gefen waje, jikin bango, inda rana ke fara sauka ta kuma yi sallama a ƙarshe. Tana gaya wa mutane ita ta zaɓa, wai inuwa ce ke kawo ciwon gwiwa.

Nan take zaune har yau, malafa biyu a kanta, ɗaya bisa ɗaya. Wanzami kuwa ya ƙara wuri guda a cikin zagayen. In ya dawo da baƙi bakin ƙofa, sai ya tsaya, ya gyara murya, ya nuna ta da sanda mai kan tagulla.

"Ku matso, jama'a. Wannan ita ce abin tarihinmu na ƙarshe. Ita ta gano rijiyar da kaza ke ratsawa."

"Kallo ba kyauta ba ne," Gwaggo kan ce, ko ɗago kai ba ta yi. "Mai ɗaukar hoto ya sayi malafa. Ba ragi."

Kuma suna saya. Mai ciniki ɗaya ne kawai ya gagare ta. Tun ranar da ta bar shi ya ci malafa a bakin ƙofa, Alƙali ya goge allonsa ya ƙara rubutu: kowace safiya, kafin ya karya hagu, sai ya tsaya a gabanta, ya miƙa wuya, ya zaɓi wadda ta fi sabunta. Ta yi masa tayin tsohuwa, ta yi masa tayin mafici mai yagaggen baki. Ya dube ta kawai yana tauna.

"Ɗauki ka tafi," takan ce. "Na sallama."